Littafin Baba Mai Shafi Ɗari Huɗu

Shekara bakwai Baba yana rubuta littafi. Tun da ya ajiye aiki a gidan waya ya sayi kwamfuta, ya mayar da ɗakin ajiyar kaya ofis, ya kafa doka: daga ƙarfe tara zuwa sha biyu ba mai ko tari a gidan nan. Baƙi in sun zo sai Umma ta tare su a ƙofa tana raɗa, "Yana rubutu." In ka tambaye shi ina aka kwana, sai ya ɗaga gira ya ce, "Shafi ɗari huɗu da 'yan kai." Har unguwa ta laƙaba masa Marubuci, kuma wallahi amsawa yake yi.

Yaya ne ya ɓallo ruwa. Babban wanmu mutum ne mai son yin abin kirki ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya je ya shirya da wani mai maɗaba'a, ya dawo yana washe baki, wai ranar Asabar za a zo a karɓi littafin a buga. Ranar Juma'a da safe kwamfutar ta ƙi tashi.

Ni ce auta, kuma gyaran kwamfuta ne sana'ata. Umma ta kira ni muryarta na rawa, na rufe shago na taho da jakata. Na tarar da su cunkushe a ƙofar ɗan ɗakin: Umma ta yi tagumi, Yaya na ta kai gwauro ya kai mari, Kawu kuwa, ƙanin Umma, yana yi wa kwamfutar fifita da jarida, wai zafi ne ya hau mata kai. Mutum ɗaya ne hankalinsa kwance, mai littafin.

"Auta, bar ta kawai," in ji Baba. "Haka Allah ya so. Ni na haƙura."

"Ka haƙura? Baba, ko jakata ban ajiye ba!"

Na danna maɓalli. Allo baƙi ƙirin, sai ɗan farin layi a kusurwa yana ƙifta mini ido. Na ciro faifai daga jaka na yi musu bayani: wannan yana ɗauke da tasa manhajar, kwamfuta za ta tashi daga kansa ba daga cikinta ba, sai mu leƙa ciki mu kwaso littafin lafiya lau.

Umma ta ɗaga hannu sama tana godiya. Baba ya gyara zama.

"Ai akwai kalmar sirri," ya ce. "Kuma na manta ta. Tsufa."

"Ba ruwan faifan nan da kalmar sirrinka."

"Ba ruwansa?"

"Ko kaɗan."

Faifai ya fara juyawa yana gurnani. Saura ƙiris ya gama, sai allon ya ɗauke ɗif. Wai Baba ne ya yi tuntuɓe da wayar wuta. Wayar da ke bayan tebur, jikin bango, shi kuma yana zaune. Na mayar na sake farawa. Sai ya ce ya ji an ce irin waɗannan faya-fayen cuta suke ɗauka daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Kawu ya ce shi ma ya ji haka a rediyo. Na ce, "Kawu, don Allah ci gaba da fifitarka." Sai kuma Baba ya tuna ban karya ba, a kai Auta kicin, aiki ba gudu zai yi ba. Mutumin da bai taɓa tambayar ko na ci abinci ba tun ina firamare!

A karo na biyu na taka wayar da ƙafata har allon ya haskaka. Ɗakin ƙarami ne, daga ni sai Baba muke ganin abin da ke kai.

Abin da na fara lura da shi, kwamfutar nan ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba, kashe ta aka yi. An kwashe fayilolin da take tashi da su an zuba a kwandon sharar kwamfutar, yau da ƙarfe bakwai da kwata na safe. Na kalli Baba. Baba yana nazarin fankar sama kamar yau aka kafa ta.

Na buɗe ma'ajiyar da aka rubuta wa LITTAFI da manyan baƙaƙe. Hotuna sun fi dubu, duka na wasan karta: duk ranar da ya ci sai ya ɗauki hoton allon ya adana. Can ƙasa ga fayil ɗaya tilo. Shafi ɗaya ne. Sunan littafi, sunan Baba da ya fi na littafin girma, sadaukarwa ga Umma, sai layi uku.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara bakwai muna tafiya da sanɗa a gidanmu! Ni da aka taɓa kora waje don na yi atishawa! Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya faɗa kansa. Ya bar kallon fankar, ya zuba mini ido kamar yaron da aka kama. Tausayinsa ya kama ni har wuya.

"An samu?" Yaya ya tambaya daga ƙofa.

"Kwamfutar za ta tashi," na ce. "Littafin kam, shafi ɗaya kaɗai na samu."

Umma ta saki salati. Kawu ya ce ai dama ya faɗa, zafi ne. Baba kuwa nan take muryarsa ta dawo, ya dafe kai da hannu biyu.

"Shafi ɗari biyar! Ɗari biyar da ashirin!"

Na taka masa ƙafa ya tsaya a nan. Yaya ya fita kiran mai maɗaba'a, Kawu ya ja Umma falo yana ba ta baki. Aka bar mu mu biyu da gurnanin faifai.

"Kin karanta?" ya ce a hankali.

Na karanta masa a fili: "An ɗauke ni aiki ranar Litinin. Ana ruwa, takalmina ɗaya ya ɓule. Mutumin da ya fara zuwa gabana tsoho ne, riƙe da wasiƙa ba adireshi."

"To me ya faru da tsohon?" na ce.

"Af! Ai ɗansa yake nema, shekara goma ba labari. Cewa ya yi mu ma'aikatan gidan waya mun san kowa." Baba ya shiga ba ni labarin yadda ya yi wata biyu yana yawo da wasiƙar a aljihu yana tambayar direbobi, har da kwaikwayon muryar ogansu. Na yi dariya har da hawaye. Sai ya nuna kwamfutar da haɓa. "Da baki ina iyawa, Auta. Amma in na zauna gaban abin nan, sai kaina ya zama wayam. Kullum in ce gobe. Ga uwarki tana gaya wa mutane."

Na mayar da fayilolin inda aka kwaso su, na kashe, na zare faifan. Ya bi shi da kallo har cikin jaka.

"Wannan abin naki," ya ce, "yana riƙe abin da ya gani?"

"A'a. Da an kashe ya manta komai."

"Allah ya yi masa albarka." Ya juyo ya kalle ni. "Ke fa?"

"Ni ba na mantuwa, Baba. Gobe ƙarfe tara ina nan. Kai ka faɗa, ni in buga."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, har na zaci kuka zai yi.

"Ki zo takwas da rabi," ya ce. "Labarin tsohon nan da tsawo."