Ba Doki Na Haifa Ba

Da ɓarin jiki guda Wascar ya zauna a kujera, ya karkace kamar tukunyar da aka zare wa dutsen murhu ɗaya. Mahaifiyarsa Celenia ta ajiye masa shinkafa da wake da soyayyiyar ayaba, ta tsaya tana ƙare masa kallo. Ranar Lahadi kaɗai yake zuwa gida daga sansanin Chago mai horar da 'yan wasa, inda yara ke kwana su tashi ba su da aiki sai besbol, wasan nan da wani ke jefo ƙwallo wani ya doke ta da sanda, kuma duk zuwan da zai yi sai ta ga kamar an musanya mata ɗa. Kafaɗu sun buɗe, wuya ya yi kauri, ƙuraje sun feso masa, fara'arsa kuwa ta yi ƙaura.

"Kai, maruru ne ya fito maka a mazaunai?" in ji Kaka Fermin, mahaifin Celenia. "Ko kujerar talakawa ce ta fara yi maka ƙaiƙayi tun ba ka je Amurkan ba?"

"Allurar bitamin ce," Wascar ya amsa a daƙile. "Kowa ma ana yi masa."

A ƙauyen nan nasu na masu yankan rake, a gabashin Jamhuriyar Dominika, ba wanda bai san hannun Wascar ba. Tun yana ɗan ƙarami yake kaɗo mangwaro da dutse, ya zaɓi nunanne ya bar ɗanye a reshe. Nan Chago ya gan shi, ya cire shi daga makaranta, ya yi alkawarin mayar da shi majefin ƙwallo wanda ƙungiyoyin Amurka za su yi rububinsa da zarar ya cika sha shida. Celenia da kanta ta amince, ba wanda ya tilasta ta. Ta gaji da gidan da in an yi ruwa sai ta jera robobi.

Da Wascar ya ɗago kai zai sha ruwa, sai Celenia ta ga farin idonsa ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. 

*

Ranar Talata ta hau acaɓa da ƙullin soyayyen kifi, ta nufi sansanin. Chago ya tare ta da tumbinsa da sarƙar gwal ɗinsa, yana ta washe baki. Ta wuce kai tsaye za ta sa kifin a firiji, sai ga 'yan kwalabe jere a bayan gorar ruwa. Rubutun jikinsu na Turanci ne, ba ta iya shi ba. Amma hoton ba ya buƙatar karatu: ingarman doki ne ya ɗaga ƙafafun gaba.

"Chago, wannan na wane ne? Ni dai ban ga turke a gidan nan ba."

"Haba Doña Celenia, ɗan ƙarin ƙarfi ne kawai. Amurkawa na tafe ƙarshen wata da na'urarsu ta auna gudun ƙwallo, ita kuwa ba ta san tausayi ba. Ki bari ya sa hannu a kwantiragi, bayan nan ko ruwan kwakwa zalla kike so ya riƙa sha, ya sha."

"Doki na haifa?"

"Ni na ciyar da shi fa! Ni na saya masa takalmi!"

"To ka dafa takalmin ka ci."

Ta jefa kwalba ɗaya a jaka, ta ratsa filin ana tsaka da atisaye, ta cafko Wascar. Hannun hagu ta kama, don ko a cikin fushi ba ta manta da wanda yake jifa da shi ba.

"Mama, kin kashe ni! Wallahi kin kashe ni!"

"Na ji. Gara ka faɗa da bakinka, da a kawo min kai ba baki."

*

Likita ya ce hanta ta fara taɓuwa, amma an zo a kan lokaci. Wascar ya yi watanni a kwance, jikin aron ya sace, ya daina yi wa uwarsa magana. Lokacin sa hannu ya zo ya wuce. Maƙwabta kuwa suka samu abin taunawa: ga matar da aka miƙa wa gidan bene ta sa ƙafa ta shure. Damina ta sauka, ta jera robobinta, kuma gaskiya akwai ranakun da ita ma ta tambayi kanta ko gaggawa ta yi. Duk da haka ta bi gidajen iyayen yaran sansanin da kwalbar nan a jaka. Wasu suka rufe mata ƙofa, wasu suka je suka ɗauko nasu.

Wata safiya Kaka Fermin ya zaƙulo tsohuwar safar hannunsa ta fata ta cafe ƙwallo, ya kifa bokiti a gindin mangwaro ya zauna.

"Fito ka jefo, dokin Chago."

"Me zan jefo, tsoho? Gudun ya tafi. Ɗan sha bakwai kuma wa zai kalle shi?"

"Ni zan kalle ka, ido ɗaya ya rage min amma yana aiki. Ko tsoron kar in cafe kake yi, rago?"

Haushi ne ya fito da shi, ba sha'awa ba. Jifan farko ya tafi a gajiye. Kaka ya matsar da safar gefen gwiwarsa, ƙwallo ta bi ta. Ya kai ta kusa da kunne, ta bi ta. Celenia na bakin murhu tana jin ƙarar fata, fat, fat, kullum tana ƙara nauyi, har tafin tsohon ya kumbura ya koma jiƙa shi a ruwan gishiri yana zagin jikansa.

*

Da aka yi gwaji na kowa da kowa a birni, Wascar bai fi kowa gudun ƙwallo ba, ko kusa. Sai dai masu sanda sun yi ta dukan iska, ɗaya bayan ɗaya, har wani wakilin ƙungiya ya ajiye na'urarsa ya naɗe hannu yana kallo. Daga ƙarshe ya ce duk wanda aka zaɓa sai an gwada jininsa da fitsarinsa. Nan take wasu yara suka tuna an aike su.

Wascar ya fashe da dariyar da Celenia ta daɗe ba ta ji ba. "A kwalba kuke so, yallaɓai, ko in kawo bokitin kakana?"

An zaɓe shi. Kuɗin da aka ba shi bai kai gidan bene ba, ya dai isa kwanon rufi. Amma makarantar ƙungiyar tana da aji da likita, kuma Celenia sai da ta je ta buɗe firijinsu da hannunta.

Ranar tafiya, a tasha, ya sunkuyo ya sa goshinsa a kafaɗarta. "Mama, sa min albarka." Ta sa masa. Ta leƙa ta tagar motar, ta gan shi zaune daram a kujera, ba karkata ko kaɗan, sai hawaye suka zo mata tare da dariya.

Motar ba ta gama ɓacewa ba sai ga babur ɗin Chago ya gifta, da wani yaro a baya wanda ko gemu bai fara ba, ya zauna da ɓarin jiki guda. Celenia ta goge ido, ta taɓa jakarta, kwalbar na nan. Ta yafito ɗan acaɓa.

"Ɗan wane ne wancan? Kai ni gidan uwarsa."