Minti Goma Sha Biyar a Bursa

A shagon Nevzat tela aka ƙulla maganar, wata Talata da hantsi, shayi na huci a 'yan kofunan gilashi. Ortwin Brakel ne ya zo da buƙata. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas a garin Herne na ƙasar Jamus, ya yi ritaya a watan Maris, ya kuma yanki tikitin zuwa Turkiyya na kwana goma, shi kaɗai. So yake Nevzat, wanda shagonsa ke ƙasan benen da yake zaune, ya koya masa yadda ake zama da mutanen can ba tare da mutum ya kunyata kansa ba: gaisuwa, cin abinci, shiga masallaci, gidan wanka, ciniki. Zama biyar, kowanne awa guda. Ya tambayi ladan.

Nevzat ya zare allura daga bakinsa ya ce maganar lada tsakanin maƙwabta abin kunya ce. Sai dai akwai ɗan ƙunshi da yake so a kai wa ƙanwarsa Feriha a birnin Bursa, man shafawa na ciwon gwiwa da cakulan. Mijinta yana da shagon tawul a kasuwa, a nan za a ajiye a wuce.

"Nauyinsa nawa?" in ji Ortwin.

"Haba Kyaftin, ana auna gaisuwa?" in ji Nevzat, wanda haka ya saba kiransa saboda tuƙin bas.

"Masu jirgi suna aunawa."

Aka ɗora a sikelin Nermin, matar Nevzat, ya ba da kilo ɗaya da 'yan kai. Ortwin ya rubuta, suka tafa.

Ba wai bai taɓa fita ƙasar waje ba. Ya je Holand, ya je Sifen sau huɗu, amma duk da abokan kartarsa, su goma sha ɗaya, ɗaki ɗaya mutum biyu, wani ya ce a tashi, wani ya ce a zauna, wani ya ɓatar da fasfo. A wurin aiki ma haka: ko yaushe da mutane a bayansa, wannan na danna ƙararrawa, wancan na ƙorafin an makara. Abin da yake nema a wannan tafiya bai wuce ya wayi gari ba wanda ya san sunansa, ya zauna inda ya ga dama, ya tashi lokacin da ya ga dama. Abokan kartar sun yi masa dariya, suka ce ko kwana uku ba zai yi ba zai bugo waya yana neman wanda zai yi wa gardama.

Zaman biyar ya tafi daidai. Nevzat ya koya masa cire takalmi tun daga bakin ƙofa, da ɗora cokali a bakin kofi in shayi ya ishe shi, da cewa kada ya yaba wani abu da yawa a gidan mutane, don sai a naɗe masa shi. Ortwin yana rubutawa da fensir. Nermin kan leƙo daga ciki ta ce wa mijinta, shi da ya yi shekara arba'in a Jamus, me ya rage masa na can da zai koyar? Shi kuma ya ce mata ta je ta duba tukunyarta.

Ortwin ya zauna ya tsara tafiyar a takarda biyu, rana rana, awa awa: lambar jirgi, sunan kowane masauki, inda zai ci abincin rana. A rana ta huɗu ya rubuta: Bursa, kai saƙo, minti goma sha biyar.

A nan ya yi kuskuren. A tarbiyyarsa ba a faɗa wa mutum gida ko shago ba sanarwa, ko ɗan'uwanka ne sai ka sa rana. Sai ya karɓi lambar Feriha a wurin Nermin, ya rubuta mata saƙo, waya ta juya masa shi zuwa Turkanci, ya haɗa da hoton takardun nan biyu. Nufinsa ta ga yadda lokacinsa yake a ƙuntace, kada ta wahalar da kanta ko da dafa shayi.

Ita kuwa Feriha ba haka ta karanta ba. Abin da ta gani shi ne dattijo ɗan shekara sittin da huɗu, maƙwabcin yayanta na shekara goma sha tara, zai shigo ƙasarsu ya kwana goma a ɗakunan haya, ya ci abinci shi kaɗai kamar wanda ba shi da kowa, kuma ga sunan kowane gari da kowace awa a rubuce. Ta bugo wa Nevzat, ta wanke shi tas. Ta tambaye shi ko Jamus ta cinye masa kunya ne.

Kwana uku bayan nan takardun suka dawo wayar Ortwin, an bi su da jan biro. Ɗan mijinta zai tare shi a filin jirgi. Kwana biyun farko a gidan wata gwaggo a Istanbul. Bursa ta tashi daga minti goma sha biyar ta koma kwana shida, har da bikin kaciyar jika. Daga nan a miƙa shi ga surukai a Iznik, su kuma su mayar da shi filin jirgi. Ba a bar masa ko yini ɗaya ba.

Ya sauko shago da wayar a hannu, fuska ba walwala.

"Maƙwabci, ba haka muka yi da kai ba."

"Ni na ce ka ajiye a shago ka wuce," in ji Nevzat, bai ko ɗago daga wandon da yake ragewa ba. "Da ka faɗa musu ba zato, shayi biyu za ka sha ka tsere. Wa ya aike ka ka ba mace kamar Feriha taswirar inda za ta same ka?"

"Ladabi na yi."

"To ga shi ita ma ta yi nata."

Nevzat ya bayyana masa cewa wanda ya ɗauko amana daga hannun ɗan'uwa ba ɗan aike ba ne, ƙafar ɗan'uwan ce ta zo. In aka bar shi ya kwana a ɗakin haya, unguwa za ta ji, kuma sunan Nevzat ne zai zube, ba na Ortwin ba. Amma ya ba shi mafita, tsakani da Allah: ya dawo da ƙunshin, shi kuma zai ce wa Feriha Kyaftin ya kwanta rashin lafiya, an fasa tafiya. Turkiyya da faɗi, ba wanda zai gan shi.

Ortwin ya auna maganar. Ga kwana gomansa an miƙo masa, ba abin da zai yi sai ya hau bene ya sauko da ƙunshi. Amma ya riga ya tafa, kuma bai ga yadda zai yi yawo a ƙasar mutane yana ɓuya, an yi ƙarya da lafiyarsa ba. Ya ce a'a. A kira ta dai ya faɗa mata gaskiya da bakinsa.

Aka kira. Feriha ta bayyana a fuskar waya, 'yar gajeriya da tabarau, mutum huɗu na leƙe ta kafaɗarta. Ortwin ya gyara tsayuwa ya ce ya gode ƙwarai, amma shi kaɗai yake so ya yi tafiyarsa. Nevzat ya fassara. Ta yi murmushi ta ce wa na bayanta, ku ji mutum mai kunya. Ortwin ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Ta ce ba wata ɗawainiya, an ma riga an wanke labulen ɗakin. Da ya faɗa karo na uku sai murmushin ya ɗauke, ta yi wata 'yar gajeriyar tambaya.

"Me ta ce?"

"Ta ce wa ya mutu maka, ko kuwa mu ne muka yi maka wani laifi."

Ortwin ya fahimci cewa a wurin matar nan ba mai neman kaɗaici sai mai makoki ko mai fushi, kuma ba shi da kalmar da zai ba Nevzat ya kai mata. Sai ya ce ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi laifi, gajiya ce kawai ta shekara talatin. Nermin ta karɓe wayar daga hannun mijinta, ta shige ciki da ita. Aka ji muryoyin mata biyu na hawa da sauka kusan rabin awa. Da ta fito ta ce an cire surukan Iznik. Kwana biyun ƙarshe nasa ne, da sharaɗin ya riƙa aika wa Feriha hoton abin da ya ci.

Haka aka yi tafiyar. Ya kwana a ɗakin da aka tashi ma'aurata aka ba shi, ya riƙe wa yaron da aka yi wa kaciya hula, an kai shi gidan wanka mutum uku na gadinsa, ba a bar shi ya yi ciniki ko sau ɗaya ba. A kwana biyunsa, na farko barci ya yi tun safe har la'asar, na biyu ya yi ta yawo a bakin ruwa har ƙafa ta gaza. Ya dawo da ƙarin kilo uku a jiki da takwas a jaka.

In za a faɗi wanda ya ci riba, Nevzat ne: da zama biyar da cakulan ya aika wa dangi Bajamushe sukutum, har yau ana yabonsa a Bursa. Feriha ta sami man gwiwa da labarin shekara guda. Ortwin ya ga zaman Turkawa ta ciki, wanda masu kwana a otal ba sa gani, amma ba shi ya fita nema ba. Kwana goma ya nema, ya sami biyu.