Wilin Kifin Bernice

Kuɗi sun zo Dutsen Hankaka a shekarar da kifi ya ƙi zuwa. Gwamnati ce ta ware su, wai tallafin farfaɗo da kifin salmon a Kogin Yukon, kuma ba laifi, an ga aikinsu da ido. An kafa na'urar ƙidayar kifi kusa da iyakar Kanada, an sayo jiragen ruwa masu injin da ke hana jariri barci, an ɗinka wa mazan gari riguna ruwan lemo aka ce su ne masu tsaron kogi. Har daskararren kifi aka riƙa saukewa daga jirgin sama ana raba wa gida-gida. Abin da aka manta a cikin wannan alheri duka shi ne kare. Waɗanda suka zauna a birni suka ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa, cewa kada wanda ya taɓa salmon sai isasshe ya ƙetare iyaka ya je ya zuba ƙwai, ina jin ba su taɓa tsayawa a gaban karnuka masu jin yunwa ba.

Bernice kuwa kullum a gabansu take tsaye. Gwauruwa ce, ta ba hamsin baya, kuma a duk garinmu ita kaɗai ta rage da ke fita farauta da ɗebo itace da karnuka idan kogi ya daskare. Duk wanda ya ce ta sayi babur ɗin ƙanƙara kamar kowa, amsarta ɗaya ce: babur ba ya haihuwa, kuma in ka suma a daji bai san hanyar gida ba. Busasshen salmon karnukan ke ci tun zamanin kakanni. Abincin buhu da ake kawowa ta sama, kuɗin watansa guda ya fi ƙarfin abin da take samu a hunturu guda. Ta gwada ƙananan kifin tafki, ba su kai ko'ina ba. Ta nemi wanda zai karɓe su kyauta, kowa ya ce shi ma nasa yake neman kai da su. Bara da hannunta ta rage su da bindiga, kuma sai da ta yi mako ba ta iya haɗiye abinci ba. Yanzu sauran sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ga ganye ya yi ja, ga sanyi ya fara leƙowa da safe. In ba ta cika rumfar shanya ba kafin ƙanƙara ta kama ruwa, babu wanda zai ga bazara a cikinsu.

Shi ya sa ta tayar da wilinta na kamun kifi. Marigayi mijinta Amos ne ya gina shi: manyan kwanduna biyu a kan gatarin itace guda, bisa gumagumai da aka haɗa suna yawo a ruwa, an ɗaure su da igiyar ƙarfe a gindin wata bishiya da ke gaɓa. Kogi ne ke juya shi. Kwando ya nutse, ya taso da abin da ya samu, ya juye a akwati, ɗan'uwansa ya bi baya. Sansaninta yana can ƙasa da gari, bayan wata kwanar kogi, ta ɗauka za ta samu ko da 'yan kwanaki kafin labari ya bazu. Ta manta cewa a Dutsen Hankaka ko tari ka yi a daji, kafin ka iso gida an dafa maka magani.

Da hantsi tana tsaye a kan gumaguman tana kwaɗa wa kifin da ya faɗo kulki a ka, sai ta ji ƙarar injin. Dolly, karyar da ke ja wa sauran gaba, ita kaɗai ce ba a ɗaure ba, ta miƙe ta sa kunne. Jirgin ya zagayo kwanar, mutum ɗaya ne a ciki da rigar lemo. Tun daga yadda ya karkata kafaɗa ta gane shi. Clement ne, ƙanenta, wanda ta goya bayan rasuwar uwarsu.

Ya kashe inji, ya ɗaure jirgin a jikin gumaguman, ya hau. A hannunsa akwai sarƙa da kwaɗo.

"Yaya, ina kwana?"

"A'a! Sarkin Ruwa da kansa? Ranka ya daɗe. Ai da ka aiko da na share maka hanya."

"Don Allah bar wannan. Kin san abin da ya kawo ni."

"Shayi ya kawo ka. Hau sama, tukunya na kan wuta."

Bai yi dariya ba. Ya leƙa akwatin, ya ga ya kusa rabi, matan kifi ne da yawa cikinsu cike da ƙwai. Ya girgiza kai.

"Kin san nawa suka ƙetare iyaka bana? Ko rabin abin da aka yi alkawari ba su kai ba. Goggo Effie tana can ƙetaren iyaka, rabonta da ta sa wuƙa a cikin salmon tun kafin a haifi jikokinta. Wannan da kike kashewa nata ne, Yaya. Na 'ya'yanmu ne."

"To malam mai wa'azi. Manyan jiragen teku da ke kwashe su da raga suna zubarwa matattu, ka je ka sa musu kwaɗon mana. Sai ni, tsohuwa mai kwando biyu?"

"Ba a ba ni teku ba. Nan aka ba ni."

"Gaskiyarka. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Ta nuna gaɓa da kulkin, inda karnukan ke ta tsalle a jikin turakunsu. "Dube su. Uwar waccan ce ta jawo ka daga Tafkin Barewa ranar da ƙafarka ta karye. Je ka gaya musu yarjejeniya. Ƙila su gane Turancinka."

"Zan nemo musu wani abu."

"Me? Rigarka za su ci?"

Gaskiya dukansu biyu suna da ita, kuma babu abin da ke saurin kai mutane ga jini kamar haka. Clement ya ajiye sarƙar, ya ɗauki doguwar sandar da ake zura wa wili a tsayar da shi. Bernice ta sha gabansa. Ya ce ta matsa, ta ce sai dai ya bi ta kanta. Ya sa kafaɗa ya ture ta, ba da ƙarfi sosai ba, amma gumaguman duk yauƙin kifi ne da jini, ta zame ta faɗi a kan gwiwa.

Dolly ba ta jira komai ba. Ta yi tsalle ta kafa masa haƙora a cinya, ta girgiza kai. Clement ya kurma ihu, ya juya sandar ya sauke mata a gadon baya, ya ƙara, ya ƙara, har karyar ta sake shi ta koma tana jan ƙafafun baya tana kuka.

Kukan nan ne ya ɗauke wa Bernice hankali. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Kulkin da take fasa kan kifi da shi ta ɗaga da hannu biyu ta zabga masa a saman ido. Fatar ta dare, jini ya rufe masa rabin fuska. Ya yar da sandar ya cafki wuyan rigarta ya kife ta da mari, irin wanda ke sa kunne ya yi ɗif. Ta kai masa duka a haƙarƙari, ya murɗe mata hannu har kulkin ya faɗa ruwa, ta cije shi a wuyan hannu sai da ta ji gishirin jini a bakinta. Karnukan gaɓa suka haukace, suna fizgar sarƙoƙinsu kamar za su tumɓuke turakun.

"Ki kashe ni mana! Ki kashe ni a kan kare!"

"Kai ne karen! Karen gwamnati!"

Ta dunƙule hannu biyu ta bangaje shi a ƙirji. Jini ya riga ya rufe masa ido, bai ga inda yake taka ƙafa ba. Ya ja da baya taku ɗaya, na biyun babu itace a ƙarƙashinsa. Ya rufta cikin ramin da kwanduna ke wucewa, ya kai hannun dama ya rungumi gungumen gefe don kada ruwa ya ja shi, daidai lokacin da kwando ke saukowa.

Ta ji ƙarar ƙashin. Wilin ya yi gurnani ya tsaya cak, bakin kwandon ya danne dantsen Clement a jikin gungumen, Yukon gaba ɗayansa yana tura kwandon ta ƙasa. Jikinsa na cikin ruwa har wuya. Bai ma iya ihu ba, baki kawai ya buɗe, igiyar ruwa ta zo ta cika shi.

"Clement! Ƙanena! Riƙe, riƙe!"

Ta kama gashin kansa ta ɗago fuskarsa, ya yi tari ya amayar da ruwa, ya sake nutsewa. Ta sa kafaɗa a jikin kwandon ta tura da duk ƙarfin da Allah ya ba ta, ko gezau bai yi ba. Maza goma ba sa mayar da wili baya a ruwan kaka, ta san haka sarai. Ta kuma san abin da ya rage. Wili yana da ƙarfi ne saboda an ɗaure shi, yana tsaye ruwa na wucewa. In aka sake shi ya bi ruwan, ƙarfin ya mutu. Sai dai ƙasa kaɗan akwai duwatsun da ke bakin kwana ta biyu, kuma babu abin da ya taɓa shiga can ya fito da siffarsa.

Ta dubi akwatin kifin, ta dubi gaɓa. Ba zan ce ba ta yi jinkiri ba, don ta yi, na ɗan abin da bai wuce numfashi biyu ba, kuma ta tsani kanta a kan wannan jinkirin. Sannan ta rarumo gatarin da ke rataye a jikin akwatin, ta ruga gaban gumaguman inda aka naɗe igiyar ƙarfen a jikin wani guntun itace. Ta sara. Ta sara tana zagi, tana zagin gwamnati da Kanada da Amos da ya mutu ya bar ta, har da ita kanta. Itacen ya tsage, igiyar ta fizge ta yi bulala a iska ta tsarge mata kunci, gumaguman suka yi baya suka shiga tsakiyar kogi.

Kwandon ya saki. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi. Ta kama Clement ta wuyan rigar lemon ta jawo shi sama kamar buhu, hannun yana reto ta inda babu gaɓa, farin ƙashi ya huda fata ya fito. Ta yanki igiya ta ɗaure masa sama da raunin tamau, ta mirgina shi cikin jirginsa, ta ɗauko Dolly ta jefa a gefensa, ta yanke ɗaurin jirgin ta tayar da inji. Ba ta so ta waiwaya ba, amma ta ji. Ƙarar ta zo kamar an kayar da babbar bishiya, kuma da ta juya, kwando ɗaya ne kawai ta gani yana juyi a cikin kumfa, kifin suna warwatse a kan ruwa ciki sama.

Suna tafe zuwa gari, leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na kaɗawa. Ya motsa baki, ta sunkuya.

"Ni na roƙa a turo ni," ya ce. "Da na birni ne suka zo, da ankwa za su tafi da ke. Wa zai ba karnukan ruwa?"

"Rufe bakinka. Ka adana numfashinka."

"Zamewa na yi, Yaya. Kin ji? In sun tambaya, zamewa na yi."

Nan kuka ya ƙwace mata, tana tuƙi tana yi, ba ta ko share ba.

Jirgin sama ya zo bayan azahar ya ɗauke shi zuwa asibitin birnin Fairbanks. Ma'aikaciyar asibitin gari ta ce rai dai zai tsira, hannun kuwa kada a sa rai. Ta so ta ɗinke wa Bernice kuncinta, ta ƙi. Mutane sun taru a bakin ruwa, kowa na satar kallonta, babu wanda ya tambaye ta komai. Wani tsoho ya ce in an haɗa hannu ƙila a gina wani wilin. Shi kansa da ya faɗa bai yarda da maganar ba, don kafin a saro itace a lanƙwasa a ɗaure, kifi ya wuce, ƙanƙara ta rufe.

Ta biya gida ta ɗauki bindigar Amos da kwalin harsashi, ta ari jirgin maƙwabci, ta sa Dolly a ciki, ta koma sansani da sauran rana. Karnukan na hango ta suka ɓarke da murna, suna tsalle suna kaɗa wutsiya, don lokacin cin abinci ne. Ta tafasa ɗan kifin da ya rage a rumfa gaba ɗaya, ba ta bar ko ƙaya ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cika musu kwano har ya zuba. Rabonsu da irin wannan ƙoshi tun farkon bazara. Ta zauna a kan kututture ta jira suka suɗe kwanukan, kowa ya kwanta yana lasar baki.

Dolly ba ta ci ba. Tana kwance inda aka ajiye ta, bayanta ba ya motsi, idonta a kan bindigar. Ita ce mai wayon cikinsu, ita kaɗai za ta gane tun daga ƙarar farko, kuma Bernice ba ta son ta kwanta tana ji ana bin 'ya'yanta ɗaya-ɗaya. Ta ɗauke ta a hannu kamar jaririya, ta zagaya da ita bayan rumfar shanya, ta shimfiɗa mata rigarta.

"Ke ce gaba kullum, uwata," ta ce. "Yau ma ke ce gaba."