Hantar Bayyumi Ba Ta Tafiya

A duk unguwar Bahari ba a yi mutum mai taurin kai irin Mu'allim Bayyumi mai hanta ba, kuma mai faɗin haka matar wanda ke biye masa ce. Amalankensa na nan a kwanar da taram, jirgin ƙasan cikin gari, ke juyawa tun ina amarya. Kasko ɗaya, wuƙa ɗaya, sai tulin fino, dogon burodin nan mai laushi. Zai yanka hantar siriri-siriri, ya watsa a mai da tafarnuwa da ɗanyen barkono, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya tsaga burodin ya cusa, ya matsa lemon tsami ya miƙo maka. A nan za ka ci, a tsaye. Ba ya naɗe wa kowa a takarda. In ka ce gida za ka kai, sai ya ce hantarsa ba ta tafiya, wai da ta huce ta koma takalmi, burodin ya jiƙe, a ci a zagi sunansa. 'Yan Alƙahira masu zuwa shan iska bakin teku, masu cewa a zuba musu ruwan tumatirin kwalba, su kam ko kallo ba su ishe shi ba.

Mijina Usta Garib taram ya tuƙa har ya ajiye aiki, kuma ban san wata la'asar da ya sauka bai tsaya wurin Bayyumi ba. Abotarsu irin ta mazan Iskandariyya ce, ba su taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba. Wannan ya ce yau ma hantar jaki ce, wancan ya ce ga direban da ya makarar da rabin gari ya iso. Ni kuwa ina gida, tukunyata na hucewa.

Da sanyin bara ciwo ya kwantar da Usta, ciwon nan da ba ma son kiran sunansa. A hawa na huɗu muke, matakala ta gagare shi. Na dafa masa duk abin da na iya, daga kifi har farfesun kaza, yana kau da kai. Maƙwabta sun zo dubiya, tsofaffin abokan aiki sun zo, har mai karɓar tikitin da suka yi shekaru ba sa ga maciji ya hauro yana haki. Bayyumi kaɗai ne ba mu ga ƙeyarsa ba. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, amma Usta bai taɓa ɗaga zancen ba.

Da likita ya ce in ba shi duk abin da ransa ke so, na gane karatun. Na tambaye shi. Ya dubi rufin ɗaki, ya ce fino ɗaya na Bayyumi.

Na yafa mayafi na fita. Na samu maza sun kewaye amalanken kowa na cusa burodi a baki, mai na bin gemu. Mace mai shekaruna ba ta kutsawa cikin wannan taron, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kutsa. Na gaishe shi, na ce guda ɗaya zai naɗe mini in kai wa Abu Wagdi, kamar yadda ake kiran mijina a unguwa.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ummu Wagdi, kin san dokar wurin nan. Ki ce masa ya sauko."

"Da zai iya saukowa, da ni za ka gani a nan, Mu'allim? Banɗaki ma sai na riƙe shi."

Na ga wuƙar ta tsaya a hannunsa. Na ɗauka zuciyarsa ce ta motsa. Ashe hali zanen dutse ne. Ya juya hantar da ke kasko, ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma ba zai aika wa mara lafiya takalmi ba, kuma abin da bai yi wa ɗan majalisa ba ba zai fara yau ba. Ba wanda ya goya mini baya a cikin mazan nan. Wani ma cewa ya yi a ƙara masa barkono.

Na tsaya ina jin jinina na tafasa. Mutumin da ya ci abincinka kusan duk rayuwarsa yana kwance, kai kuma sunanka kake tattali. Sai na haɗiye abin da ya taso mini, na ce to ni ya ba ni guda, yunwa nake ji. Ya dube ni ta wutsiyar ido, ya san ban taɓa cin abinci a titi ba, amma dokarsa ba ta hana mace ci ba. Ya miƙo. Na juya fuskata bango kamar mai kunya, na zura burodin a jaka, na kama hanya ban waiwaya ba.

Gwiwoyina ba na gudu ba ne. Kafin in ratsa kasuwar kifi, in hau benen nan ina hutawa a kowane hawa, abin da na ciro daga jaka ni kaina na ji kunyarsa. Burodin ya lanƙwashe ya sha mai, hantar ta yi baƙi ta ƙandare. Na tarar Haj Subhi wanzami yana yi wa Usta aski a kan gado. Haj Subhi mutumin kirki ne, sai dai maganar da ta shiga kunnensa da hantsi, kafin azahar masu kamun kifi sun ji ta a tsakiyar teku.

Usta ya gutsira, ya daɗe yana tauna. Ya ajiye sauran a faranti, ya girgiza kai.

"Allah sarki Bayyumi. Tsufa ya zo. Hannun ya mutu, Haj."

Na buɗe baki in ce laifin hanya ne, ya danne hannuna a kan bargo. Ya ƙara da cewa ko a tashar Alƙahira an fi wannan iya soya hanta, kuma don Allah kada Haj ya gaya wa kowa, abin tausayi ne. Ina kallo wanzami ya tattara kayansa da sauri, ko shayin da na zuba masa bai shanye ba.

Raina ya ɓaci da shi. Na zubar da girmana a gaban maza, na yi abin da ya yi kama da sata, ga sakayyar. Na yini ban yi masa magana ba in ban da ta magani.

Washegari da la'asar ina wanke-wanke na ji lungunmu ya ɗauki hayaniya, ƙarar taya a kan duwatsu da muryar da na sani. Na leƙa ta baranda. Amalanken da ko ranar da teku ya yi ambaliya bai motsa daga kwanarsa ba, ga shi a ƙarƙashin gidanmu. Bayyumi da kansa ya turo shi, ya jiƙe sharkaf da gumi, masu cinikinsa na biye da shi kamar masu rakiyar ango.

Ya ɗaga kai, bai ko yi sallama ba.

"Ummu Wagdi, kin kyauta. Kin sace mini hanta a jaka kamar mai safarar agogo, kin kai wa wancan tsohon direban ya ɓata mini suna daga nan har Manshiyya. Yau mutum uku suka tambaye ni ko idona ne ya fara mutuwa."

Na ce masa da ya san hanyar gidan nan tun farkon sanyi da ba a kai ga haka ba. Ya yi kamar bai ji ba. Ya kunna wuta, ya ce in sauko da kwando.

Kwandon da nake zurawa da igiya in sayi ganye da burodin safe na ɗauko. Ya hana ni sakin igiyar sai da ya shirya. Ya sa aka riƙe masa kwandon daidai bakin kasko, ya zaɓi fino yana matsawa yana mayarwa har ya samu wanda ya yi masa. Ya yanka hantar a gaban jama'a yana ɗaga kowane yanki ana ganin haske ta cikinsa. Da ta faɗa mai, ƙamshin tafarnuwa ya taso ya cika lungun har matan sauran benaye suka fito baranda. Ya cusa, ya matsa lemo, ya ajiye a kwando tsirara ba takarda, ya ce in ja kamar gidan na cin wuta, in kuma na tsaya hutawa shi ba ruwansa.

Na ja. Igiyar ta goge mini tafin hannu, ina ja ina tsine wa taurin kan maza a zuciyata. Matakalar gidanmu ga ta nan a buɗe, taku kaɗan daga amalankensa. Mutumin da ya iya turo wannan kaya tun daga kwanar taram ya kasa hawa bene ya dubi abokinsa. Sai daga baya na lura ko sau ɗaya bai kalli tagar ɗakin Usta ba, ni kaɗai yake kallo. Tsoro yake ji. Wannan bai sa na huce ba, don ni ma tsoron nake ji, kuma ni nake kwana da shi.

Na shiga ɗaki da burodin yana ƙona mini yatsu. Na tarar Usta ya tashi zaune da kansa, abin da ya kwana biyu bai yi ba, ya karkata kunne wajen taga. Daga ƙasa Bayyumi yana ta faɗa wa taron cewa mutumin da ya yi rayuwarsa bai taɓa kawo taram a kan lokaci ba shi ne zai koya masa aiki. Usta yana dariya ba sauti, kafaɗunsa na motsi.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya gutsira, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar. Ya sake gutsira. Ya ci kusan rabi, wanda ya fi duk abin da ya shiga cikinsa a makon. Na tsaya a kansa da kofin ruwa, na ce to, yanzu fa, hannun ya dawo ko kuwa?

Ya goge baki da bayan hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Insaf, tun da aka fara yi mini allurar nan ban ƙara jin ɗanɗanon komai ba. Da wannan da na jiya da auduga duk ɗaya ne a bakina."

Na zauna a bakin gado. Duk kifin, duk farfesun, ashe ba girkina yake ƙi ba, kuma bai taɓa faɗa mini ba. Na so in yi masa faɗa, na fasa.

Daga ƙasa muryar ta sake tasowa, yana tambaya ko direban ya haɗiye harshensa ne.

Usta ya miƙo mini sauran burodin. "Leƙa ki ce masa gishiri ya yi yawa. In kika ce ya yi daɗi, gobe ba zai dawo ba."

Na goge idona da gefen mayafi, na fita baranda. Lungun ya yi tsit, kowa ya ɗaga kai. Na faɗa masa da ƙarfi yadda har na ƙarshen layi zai ji, na ƙara da nawa, na ce burodin ma kamar na jiya ne.

Bayyumi ya buga wuƙa a katako. Ya ce ƙarya ne, shi bai taɓa kuskuren gishiri ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya shiga tattara kayansa yana mita, ya juya amalanken, sannan ba tare da ya ɗago ba ya ce gobe in sauko da kwandon da wuri, kafin rana ta bar lungun.