Ruwan Manaja

Manaja ya riƙe takardar da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera a bayan firji.

"Malama, wannan hasashen yanayi ne ko takardar sallama daga asibiti? Sanyi-sanyi da safe. Ba ruwa. Zafi zai riƙa ƙaruwa a hankali. Wa zai ajiye kofin shayinsa ya saurari wannan?"

Mai hasashe ba ta zauna ba, don ba a ce ta zauna ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zuwa gidan rediyon daga ofishin kula da yanayi duk ranar Litinin, ta karanta hasashen mako cikin minti huɗu, ta koma bakin aikinta. Shi kuwa watansa uku da zuwa. Daga kamfanin tallar sabulu aka ɗauko shi, kuma har yau bai yarda akwai abin da ba a iya ƙara wa kumfa ba.

"Abin da na'urori suka nuna ke nan, Yallaɓai. Farkon bazara ne, sanyi bai gama tattara kayansa ba. Yau da asuba digiri tara, kafin Asabar rana za ta kai ashirin da huɗu. Sama wasai."

"Sama wasai," ya maimaita, ya taɓe baki. Ya nuna kusurwar ofis, inda aka jingine lema goma sha biyu masu launi-launi. "Mai kantin lema da rigunan ruwa ya ɗauki nauyin shirinki wata shida. Yau za a fara sa tallarsa, ɗaya kafin ki buɗe baki, ɗaya bayan kin rufe. Sai ki tsaya tsakanin talla biyu ki ce wa jama'a ba ruwa?"

"Ba ni na hana ruwan ba."

"Ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Yiwuwar ruwan nawa ce?"

"Kashi biyar cikin ɗari, ranar Alhamis, shi ma can bayan duwatsu."

"To madalla! Ki ce akwai yiwuwar ruwa, kowa ya shirya. Lissafin ki haɗiye abinki."

Tana fita baranda wayarta ta yi ƙara. Babanta ne, daga lambu.

"Uwata, irin tumatir ya isa dashe, har ya fara miƙe wuya. Rafi ya ja baya, injin ban-ruwa kuma ya ƙi tashi tun shekaranjiya. Mu bakwai ne nan zaune gindin rediyo. Mu dasa ko mu jira?"

"Baba, kar ku taɓa shi. Makon nan ko ɗigo babu. In kuka cire shi daga inda yake, kwana biyu ya bushe."

"Ni na ji. Amma sauran sun ce maganar waya ta 'ya da uba ce. Sai sun ji daga bakin rediyo."

A ɗakin watsa shiri, tsohon injiniya yana goge maɓallansa da gefen riga. Ya dubi fuskarta, ya dubi takardar.

"Ya ce ki yi masa ruwa ko? Kar ki damu, 'yata. Manaja shida na raka bakin ƙofa a gidan nan, kowanne ya zo da niyyar gyara duniya."

Ya danna talla. Aka yi tsawa har lasifika ta girgiza, wata mata ta kurma ihu wai kayanta sun jiƙe, sannan wani mai murya kamar ganga ya faɗi sunan kanti sau uku. Jar fitila ta kama.

Ta yi sallama, ta fara karatu. Ta bayan gilashi sai ga Manaja ya shigo da lema ruwan hoda, ya buɗe ta a cikin ɗaki, yana nuna mata, yana kaɗa yatsu daga sama zuwa ƙasa kamar yayyafi. Injiniya ya sunkuyar da kai, yana danne dariya.

"Yiwuwar ruwa a makon nan kashi biyar ce cikin ɗari," in ji ta, "wato dai babu. Masu dashe su dakata sai mako mai zuwa. Masu shanya su shanya. Masu fenti, wannan makonku ne. A sa wa yara rigar sanyi da safe, daga Laraba kuma za su cire da kansu kafin azahar."

Fitila ta mutu, tsawar mai kanti ta sake tashi.

Manaja bai jira ta fito ba. A bakin ƙofa ya tare ta, lemar na hannunsa a buɗe har yanzu, ya manta da ita.

"Kin gama da gidan nan. Zan rubuta wa ofishinku su turo mai jin magana. Maimaicin hasashen na ƙarfe goma sha biyu kuma ni zan yi shi da kaina, ki ji yadda ake aiki."

Ya sa ta jira wasiƙar a ɗakin baƙi. Nan ta ji shi ta lasifikar bango, ya sauke murya kamar mai sanar da rasuwa: gajimare na haɗuwa daga gabas, masana sun tabbatar, ruwa na tafe kamar da bakin ƙwarya, mai hankali ba ya jira sai ya jiƙe. Sakatariya ta leƙa taga. Rana fes, bishiyar bakin ƙofa ta yi sabon tofo, ko tsumman gajimare babu. Ta yi tsaki ta ci gaba da buga wasiƙa.

Mai hasashe ta kira lambu. "Baba, na tsakar rana ba nawa ba ne."

"Mun gane, Uwata. Mai wannan muryar ai ko kaza ba ya kiwo. Amma na ƙetaren rafi ban san me suka ji ba. Bari in taka in gaya musu."

Ta karɓi wasiƙar, ta ninke ta ba tare da ta karanta ba, ta fita. A tashar bas iska ta yi ɗumi kaɗan, mutane sun rataye rigunan sanyinsu a kafaɗa. Tana tsaye tana tunanin abin da za ta faɗa wa shugabanta, sai wata baƙar mota ta tsaya a gabanta, gilashi ya sauka. Manaja ne. Ya waiga hagu da dama.

"Malama, wannan tsakaninmu ne." Ya share gumi. "Jiya aka kware rufin gidana, kafinta ya ce sai Juma'a zai gama. Kujeru, katifu, komai na ciki. Uwargida ta ji rediyo yanzu, ta kira ni hankali tashe, ta ce masana sun tabbatar. Tsakani da Allah, ba za a yi ruwan nan ba ko?"

Bas ta iso, ƙofa ta buɗe. Mai hasashe ta ɗora ƙafa a matakala.

"Wallahi Yallaɓai, ni ma a rediyo na ji."

Ta samu kujera kusa da taga. Da bas ta ja, ta hango shi ya fito daga mota, ya kare ido da tafin hannu, yana bin sama da kallo daga wannan gefe zuwa wancan.