Ɗan Majalisar Jana'iza

Sau uku Honarabul Sharhabil yana cin zaɓen majalisar jiha, amma in ka ce a nuna maka ƙuduri guda da ya taɓa gabatarwa, to ka nemi wurin zama, don za ka daɗe. A zauren majalisa aikinsa ɗaga hannu in an ce a ɗaga. Sau ɗaya aka taɓa jin muryarsa, ranar da ya miƙe ya ce fankar da ke saman kansa tana ƙara. Amma ka kuskura ka zage shi a Malali ko Badarawa, ka ga yadda tsofaffi za su yi maka ca. Dalilinsu ɗaya ne: tun da ya shiga siyasa ba a taɓa binne mutum a mazaɓarsa ba ya wurin ba.

Abin ma da tsautsayi ya faro. Takarar kansila ya fara yi, ya sha ƙasa warwas, ko akwatin ƙofar gidansu bai kawo ba. Ga takaici, ga zaman banza, sai ya shiga bin jana'iza don kawai ya rage rana. Yau yana sahun gaba a nan, gobe yana kwaɓa ƙasa a can. Kafin wani zaɓen ya zagayo, magana ta bazu cewa yaron nan akwai zumunci. Jam'iyya ta ba shi tikitin majalisa don babu mai so, ya lashe kamar da wasa. Shi kansa sai da ya sa aka sake karanta masa sakamakon.

Daga nan ya riƙe abin da hannu biyu. Masu haƙar kabari, ladanai, masu sayar da farin yadi a kasuwa, kowa yana da lambarsa. A bayan motarsa ba ka raba shi da tabarma, buta da takalmin roba. Direbansa Ila, wani Bazamfare mai ƙarancin magana, ya san hanyar kowace maƙabarta fiye da hanyar majalisa. Zaɓe na biyu da na uku ko fosta Honarabul bai buga ba. Mutane da kansu suke yi masa kamfe. Su ce, "Titi dai ba mu samu ba, ruwa ba mu samu ba. Amma ranar da ka cika, Honarabul ne zai ɗauki makararka. To tsakanin titi da mutuwa wanne ka tabbata zai zo?"

Abin yana da tasa illar, ba a ce babu ba. Motar nan tasa baƙa ta zama abin tsoro. Wata rana taya ta yi faci a Unguwar Dosa, kafin Ila ya gama canzawa mata sun fara salati a gidaje uku. Marasa lafiya kuwa roƙo suke kada a gaya masa suna kwance.

Ana haka zaɓe na huɗu ya matso, sai ga Jamaluddeen. Matashi ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ajiye aiki ya fito a jam'iyyar adawa. Da fari ya zo da maganar magudanan ruwa da gyaran makarantu, ya yi taro, kujeru suka fi mutane yawa. Yaron ba wawa ba ne. Ya je ya sayi takalmin roba.

Wallahi abin da aka gani a watannin nan sai wanda ya gani. Da an ce wane ya rasu, motoci biyu ne za su karyo kwana a tare. A sahun salla kafaɗa da kafaɗa, kowa yana tura ɗan uwansa a hankali yana kallon ƙasa. In an ɗauki makara, wannan ya kama gaba ta dama, wancan gaba ta hagu, babu mai sakar wa wani, har tafiya ta koma sassarfa, 'yan uwan mamaci suna bin su a baya suna haki. Wani liman ya yi huɗuba a kan haka, su biyun suka zauna a gabansa suna gyaɗa kai.

Sai aka shiga makirci. Wata safiya aka kira Honarabul da baƙuwar lamba, aka ce wani dattijon mazaɓarsa ya rasu a gidan ɗansa a Rigachikun, can za a yi sutura. Suka kwasa a guje. Suka tarar da dattijon zaune a inuwa yana cin rogo da ƙuli. A daidai lokacin ana shirin sallar wani tela a Malali. Da ƙyar Ila ya dawo da shi, ya faɗa sahun ƙarshe ana kabbara ta uku. Tarihinsa bai karye ba, amma ranar ya ji tsoro na gaske, don ya san kujerarsa a kan wannan abu guda take tsaye. Ya yi fashin jana'iza ɗaya, shi ke nan ya zama kamar kowa, kuma in ana maganar kamar kowa, Jamaluddeen ya fi shi Turanci.

Ana saura kaɗan a yi zaɓe labari ya zo cewa Alhaji Ashiru yana kwance rai a hannun Allah. Alhaji Ashiru shi ne uban 'yan tasha. Duk direba da kwandasta da ɗan kamasho na yankin nan ta hannunsa ya bi, kuma ranar jana'izarsa babu motar da za ta yi lodi. Wanda aka gani ya riga kowa zuwa, ya shiga kabari ya karɓi gawar, to ya gama cin zaɓe.

Honarabul ya ce, "Ila, wannan karon ba za mu jira kira ba. Can za mu tare."

Ila ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin fa bai mutu ba."

"Na ce maka ya mutu ne? Dubiya za mu je, sai dai ba za mu shiga ba."

Da sassafe suka faka a gindin wata bishiyar mangwaro, daidai ƙofar gidan Alhaji Ashiru a Malali. Suka zauna. Mai shiga ya shiga, mai fita ya fita, kowa ya kalli motar ya kau da kai. Honarabul yana jan carbi, kunnensa yana cikin gidan. Wata mata ta ɗaga murya, ya zabura har ya sa takalmin roba ƙafa ɗaya, ashe akuya take kora.

Wajen hantsi waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Wata murya ta ce, "Honarabul, sai haƙuri. Hajiya Harira Allah ya yi mata rasuwa yanzun nan. Za a yi salla bayan Azahar."

Harira yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, da kuɗin ƙosanta ya yi makaranta, tana nan zaune a Badarawa ta ƙi yarda ya canza mata gida. Gabansa ya faɗi, amma nan take ya tuna dattijon Rigachikun da rogonsa. Ya yi wata 'yar dariya.

Ya ce, "Ka gaya wa wanda ya aiko ka ya sake dabara. Jiya da yamma na yi waya da Yaya, har faɗa ta yi mini a kan ba na cin abinci." Ya kashe. Ya dubi Ila. "Ka ga rashin kunyar yaron nan? Har da Yaya zai haɗa don in tashi daga nan. Kashe wayoyin duka, har da taka."

Ila ya kashe su duka.

Rana ta take. Aka kira Azahar, suka shimfiɗa tabarma a gefen mota suka yi salla don kada su yi nisa. Maza suka fito daga gidan Alhaji Ashiru da yawa, suka nufi titi da sauri. Honarabul ya ce lallai haƙar kabari za su, ya gyara hula. Sai kuma shiru, har inuwar mangwaron ta juya.

Can ƙofar gidan ta buɗe. Wani tsoho ya fito dogare da sanda, daga shi sai zane da 'yar shara, ƙashin wuyansa duk a waje. Alhaji Ashiru ne da kansa. Kwana da kwanaki bai iya tashi zaune ba, amma da aka gaya masa motar wa ke ƙofar gidansa tun safe, haushi ya tashe shi, har ya sha kunu kofi biyu. Ya tako har jikin mota ya ƙwanƙwasa gilashi da sandar.

"Sharhabilu, ni kake jira?"

Honarabul ya fito ya durƙusa. "Baba, dubiya muka zo. Ya ƙarfin jiki?"

"Dubiya da takalmin roba? To ban shirya ba, sai ka dawo wani jiƙon." Tsohon ya tsaya ya ƙare masa kallo, sai fuskarsa ta canza. "Tsaya. Kai ba ka tafi ba? 'Ya'yana duk suna Badarawa wajen jana'izar yayarka. Na zaci motar kawai ka bari don ta tsare maka layi."

Honarabul bai san lokacin da ya shiga mota ba. Ila ya yi gudun da bai taɓa yi ba, shi da ya saba gudun jana'iza. A ƙofar gidan Harira tabarmi ne kawai da takalman mata. Wani makwabci ya ce ai an daɗe da tafiya. An yi ta kiran waya ba ta shiga. Liman ma ya ɗan jinkirta, yana ta waige, amma jama'a suka ce a yi salla kawai, Honarabul da ba a gayyatarsa yake zuwa, yana nan cikin sahu wani wuri.

Suka isa maƙabarta mutane suna fitowa. Duk fuskokin da ya sani ne, mutanen da ya taya binne iyayensu da 'ya'yansu. Suka dare masa hanya, babu wanda ya ce uffan. Wannan shirun ya gaya masa sakamakon zaɓe tun kafin a buga ƙuri'a, kuma haka aka yi, don ko akwatin Badarawa bai kawo ba. Amma a lokacin kujerar ba ta ko zo masa a rai ba. Wani irin baƙin ciki ne ya cika masa ƙirji, irin wanda ya fi shekara goma yana gani a fuskar mutane bai taɓa sanin nauyinsa ba.

Sababbin kaburbura uku ne a jere, ƙasarsu ba ta bushe ba. Ya tsaya yana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda ne ya rage a wurin, yana wanke hannu da buta, gwiwoyin wandonsa duk jar laka. Jamaluddeen ne. Ya ajiye butar ya matso, babu alamar murna a fuskarsa.

"Honarabul, ya haƙuri? Ni na sa aka kira ka da safe. Da na ga ba ka zo ba, sai na shiga kabarin na karɓe ta."

Sharhabil ya sake duban kaburburan. Da ƙyar ya ce, "Wanne ne nata?"

Jamaluddeen ya kama hannunsa, ya kai shi gaban na tsakiya.