Zanen Bindigar Baba Kumai

Ni Paulina, hannuna ba ya ganin datti ya ƙyale. Ko a gidan biki aka jera tukwane, duk matan Kagoma sun san tawa, don har gindinta ƙyalli yake yi. Wannan halin ne ya jawo mini baƙin cikin da har yau bai sake ni ba.

Surukina, Baba Kumai, ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin kuku a gidan wani Bature mai sayen citta a Kachia. Da Baturen zai koma ƙasarsu bai ba shi fansho ba, sai ya miƙa masa bindiga mai baki biyu, ya ce ta fi fansho daraja. Bututun nan biyu ruwan ƙasa ne, da wani zane mai lanƙwasa kamar kitso. Baba ya ce maƙeran can ne suke murɗa ƙarfe iri biyu kamar igiya, su naɗe, su yi ta duka har su haɗe. Duk baƙon da ya shigo gidan sai ya sha wannan bayani kafin ya sha ruwa. Ni kuwa, gaskiya, tsatsa kawai nake gani.

A daminar 1974 aka kwantar da Baba a asibiti a Kafanchan har sati uku. Da aka ce ranar Asabar za a sallame shi, na shiga ɗakinsa da tsintsiya. Na wanke bargo, na shafe bango, sai idona ya faɗa kan bindiga. Na sauke ta, na ɗebo toka da yashin rafi, na durƙusa a kanta har rana ta yi tsaka. Ta fito fes kamar sabon cokali, ni kuma ina ta jin daɗin kaina. Da mijina Meshak ya dawo ya gani, zama ya yi a ƙasa, ya nuna mini zanen ya tafi gaba ɗaya.

Washegari muka naɗe ta a buhu muka kai wa Andrawus, abokin Meshak, makaniki ne a Loko, yana kuma gyara wa maharba bindiga. Ya yi mini dariya, ya ce in share hawayena. Wai murɗaɗɗen ƙarfe zanensa har ciki yake, ko an goge sama, in ya sha tsami zai dawo. Ya yanka lemun tsami ya shafa, muka jira, shiru. Ya sirka ruwan batir ya ɗiga. Ƙarfen ya yi toka-toka kawai, ko layi ɗaya bai fito ba. Daga nan Andrawus ya daina dariya. Ya cire katakon ƙasa, ya daɗe yana duba tambarin da ke ɓoye a wurin.

"Meshak, wannan ƙarfe ɗaya ne," ya ce a hankali. "Zanen a sama aka ɗora shi, don mai araha ya yi kama da mai tsada."

A cikin mota Meshak ya ce mu gaya wa Baba gaskiya, in ya so laifina ya ragu. Na tuna tsohon nan yana hura wa wani wuta shekara ashirin da biyu, 'ya'yansa suna girma a ƙauye ba ya nan, kuma abin da ya rage masa na nunawa ke nan. Na ce wa Meshak in ya buɗe baki, ni da shi ne.

Ranar Asabar, kafin Baba ya zauna ya ce a kawo masa bindigar. Ya juya ta, ya shafa da yatsa.

"Wanene ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin goge mini aikina duka da toka," ya ce.

Wata goma sha huɗu ya yi bayan haka, bai sake cin tuwona ba. Daga gidan 'yarsa Afiniki ake kawo masa abinci, ni kuma sunana ya koma "matar Meshak". A majami'a mata suna nuna ni da baki. Sau da yawa maganar ta zo mini har maƙogwaro, don ni ma ina da zuciya, sai in shiga kicin in haɗiye.

Ranar da jikinsa ya yi tsanani, fasto ya zo da safe ya yi addu'a, ya tambaye shi ko ya gafarta wa kowa. Baba ya ce ya gafarta. Fasto ya ce har da Paulina? Sai ya juya fuskarsa bango.

Na ga Meshak ya matsa kusa da gado, bakinsa ya buɗe. Na kama gefen rigarsa na riƙe gam, har ya koma da baya. Kafin rana ta yi zafi Baba ya cika, yana ganin Baturensa ya girmama shi. Ni na zaɓi hakan da kaina, amma ina ƙaunar tsohon nan, kuma ya tafi bai kalle ni ba.